Kayan da ka saya ta intanet: yadda ake fasa ciniki, a mayar da kaya, a karɓo kuɗi

Kusan duk shafin da ake tallar kaya a Instagram ko WhatsApp, za ka tarar da gargaɗin nan a sama da manyan baƙaƙe: in an saya ba a dawowa, kuɗi kuma in ya shiga ba ya fita. Da yawan masu saye sun ɗauka ƙa'ida ce da ba a ja da ita. Sai mutum ya haƙura da leshin da ya zo da wani launi dabam ko wayar da ta zo da mataccen batir, ya yi Allah ya isa, magana ta mutu. A Nijeriya wannan gargaɗi ba ya shafe haƙƙin da doka ta bai wa mai saye. Sai dai haƙƙin yana da iyaka, yana da wa'adi, kuma wanda bai ajiye shaida ba yakan rasa shi ko da shi ke da gaskiya.

Dokar da ake magana a kai ita ce ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC mai kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kare masu saye da aka kafa tun 1992. Dokar ta hau kan duk mai sayar da kaya ko yin aiki don a biya shi, daga babban kamfani mai rumbun ajiya a Legas har zuwa matar da ke sayar da abaya daga ɗakinta a Zariya.

Kafin kuɗi ya bar hannunka

Yawancin rigimar mayar da kaya tun a nan ake cin ta ko a faɗi. Sayen intanet cinikin biri a sama ne, hoto ka gani, don haka abin da zai tsaya maka daga baya shi ne abin da mai kaya ya faɗa da kansa game da kayansa. Ɗauki hoton tallar a wayarka yadda take: kayan, farashi, launi, girma, yawan yadi, da ranar da aka ce za a kawo. Tallar da aka ɗora a sitatus na WhatsApp tana ɓacewa bayan awa 24, ta Instagram kuwa mai shafi zai iya goge ta ko ya gyara rubutunta cikin minti guda, ya ce ai bai taɓa cewa haka ba.

Yi tambayarka a rubuce, ka jira amsa a rubuce. "Sabuwa ce a kwalinta ko an taɓa amfani da ita?" "Turmin yadi shida ne cif?" "Asali ce ko kwaikwayo?" Sashe na 117 na dokar ya wajabta wa mai sayar da gwanjo ko kayan da aka gyara aka mayar kasuwa ya bayyana haka ƙarara. In a waya kuka yi magana, bi bayanta da ɗan saƙo: "Kamar yadda muka yi, baƙa ce, lamba 42, za ta iso ranar Laraba." In ya amsa da "eh", ka samu shaida.

In akwai takamaiman aikin da kake son kayan ya yi maka, faɗa masa kafin ka biya. Batirin sola ne kake so ya riƙe firiji har safe? Caja ce ta wata kwamfuta ta musamman? Rubuta masa. Doka ta ba ka damar mayar da kayan da ya kasa yin aikin da ka saye shi dominsa, amma sai in ka sanar da mai kaya aikin tun farko. Abin da ka bari a zuciyarka ba ya shiga lissafi.

Sai hanyar biya, wadda ita ce mutane suka fi sakaci da ita. Biya bayan kaya ya zo hannu ya fi kowanne kwanciyar hankali. Biya da kati ta cikin manhajar kanti yana bi masa, domin kuɗin kati yana da hanyar da banki zai bi ya nemo shi. Tiransifa kai tsaye zuwa asusun mutum ita ce mafi rauni: da zarar ka danna, kuɗin ya zama nasa, dawo da shi kuma sai da yardarsa ko da umarnin hukuma. Shi ya sa in ɗan kasuwar da ka samu a Jumia ko Konga ya ce ku fita daga manhajar ka tura masa kai tsaye zai rage maka wani abu, kada ka yarda. Rangwamen da zai yi maka bai kai kariyar da za ka rasa ba. In dole sai tiransifa, duba ko sunan asusun ya yi daidai da sunan mai shafin ko na kasuwancinsa, kuma ka nemi a raba biyan: kafin alƙalami yanzu, ciko in kaya ya iso.

Nemi rasit. Sashe na 118 ya ce a bai wa mai saye shaidar ciniki a rubuce mai ɗauke da sunan mai sayarwa, adireshinsa, kwanan wata, bayanin kayan da farashinsa. Alat ɗin banki yana nuna ka tura kuɗi, amma ba ya nuna kuɗin mene ne.

In ka fasa tun kaya bai taso ba

Wannan ya fi sauƙi. Sashe na 120 ya ba ka ikon soke duk odar da ka yi ko wurin da ka kama tun kafin lokaci, kaya ne ko aiki. Mai kaya yana iya cire wani abu na ladan fasawa, amma dole ya zama daidai gwargwado. Abin da ake dubawa shi ne irin kayan, yawan lokacin da ka bayar kafin ka fasa, ko zai iya samun wani mai saye cikin sauƙi, da abin da aka saba yi a wannan sana'a. Takalmin da ke kan kanta, wanda gobe wani zai saya, ba shi da dalilin cin rabin kuɗinka. Ɗinkin da tela ya riga ya yanka a kan awonka, ko kek ɗin biki da aka riga aka kwaɓa, lissafinsu dabam ne, kuma adalci ne a cire abin da aka kashe. In kuwa rasuwa ce ko kwanciya asibiti ta hana wanda aka yi odar dominsa, dokar ta hana a cire ko kwabo.

Kotu ta riga ta gwada wannan sashe. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci a kan kamfanin sufuri na Peace Mass Transit, wanda ya ƙi mayar wa wani fasinja kuɗin tikitinsa na naira 500 bayan ya gaji da jiran mota ya fasa tafiya. Kamfanin ya kafa hujja da ƙa'idarsa ta cewa ba a mayar da kuɗi. Kotun ta ce ƙa'idar ta saɓa wa doka, ta kuma umarci a biya fasinjan diyyar naira 500,000. Tikitin mota ne, amma sashen da aka yi hukunci da shi shi ne dai wanda ke kare mai oda ta waya.

Yadda za ka yi: in a manhaja ne, shiga jerin odarka ka danna sokewa nan take, ka ɗauki hoton shaidar. In wurin mutum ne, tura saƙo mai kwanan wata da lokaci, kada ka tsaya a kira. Sauri ne komai a nan, domin da zarar an ɗora kaya a mota, kuɗin aike ya shiga cikin abin da za a iya cirewa.

Ranar da kaya ya iso

Kada ka sallami ɗan aike da gaggawa, kuma kada ka yaga leda a tsaye a bakin ƙofa. Duba kwalin tukuna. In ya jiƙe, ya lotse, ko an ɓalle shi an sake liƙewa, ɗauki hotonsa a gaban wanda ya kawo. Kana da damar ƙin karɓa, in kuma ka karɓa ka sa hannu, rubuta halin da ya zo a kan takardar.

Sai ka kunna bidiyo kafin ka buɗe. Aje wayar inda za ta ɗauki hannuwanka da kwalin gaba ɗaya, ko ka bai wa wani ya riƙe. Nuna takardar da ke manne mai sunanka, juya kwalin ta kowane gefe a ga ba a buɗe ba, sannan ka yanka, ka fito da kayan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka tsayar da ɗaukar ba. In atamfa ce, warware ta a gaban kyamara, ka nuna bakin zanen inda sunan kamfani yake, ka auna da tef. In waya ce, kunna ta, ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ka haɗa ta da wadda ke jikin kwali. In sun bambanta, an sauya waya ko an sauya kwali. Bidiyon minti uku irin wannan yana kashe amsar da masu kaya suka fi bayarwa, wato "lafiya lau muka aiko shi, a hannunka ya lalace."

Kayan da aka aiko ta tasha a hannun direba yana da nasa hatsari, domin in ya fashe a hanya kowa zai tura wa ɗan'uwansa laifi. Buɗe shi a tashar, gaban direban ko ɗan kamasho, ka kira mai kaya a nan take in da matsala.

Kada ka cire tambarin farashi, kada ka wanke, kada ka kai wa tela, kada ka jefar da kwali, har sai ka tabbata kayan ya zauna. A manhajojin da ke riƙe kuɗi har sai mai saye ya ce ya karɓa, kada ka danna "na karɓa" kafin ka duba, ko da mai kaya yana roƙonka.

Gano dalilinka kafin ka buɗe baki

A nan mutane ke cakuɗa abubuwa, su je da hujjar da ba tasu ba, a kayar da su.

In abin da ya zo ba shi ka yi oda ba, ko bai yi daidai da bayani ko samfurin da aka nuna maka ba, sashe na 121 da na 122 ne naka. Kayan da aka saya bisa siffantawa dole ya dace da siffar a duk abin da ke da muhimmanci, kuma wanda bai samu damar duba kaya kafin a kawo masa ba yana iya ƙin sa in bai dace ba, ya karɓi kuɗinsa cif. Wannan ya shafi kusan duk mai saye ta intanet. Sharaɗin shi ne a yi cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Dokar ba ta ƙayyade kwanaki ba, don haka kada ka ba da ƙofa: yi magana ranar, ko washegari. Wanda ya ajiye kaya wata guda sannan ya ce launin bai yi ba, ya wahalar da kansa.

In kayan shi ne, amma yana da aibi, ko ya mutu bayan ɗan amfani, sashe na 131 da na 132 ne. Duk kayan da aka sayar yana ɗauke da garanti na doka ko ba a rubuta ba: ya zama mai inganci, yana aiki, ba shi da aibi, kuma zai yi ƙarko gwargwadon irinsa. Cikin wata 3 daga ranar da aka kawo, kana iya mayar da shi ba tare da tara ba, kuma kuɗin mayarwa da hatsarin hanya a wuyan mai kaya suke. Shi kuma dole ya yi ɗaya cikin uku: ya gyara, ya sauya, ko ya mayar da kuɗi. Saboda haka in ya kawo sabo mai lafiya a madadin, ya fita haƙƙinka, ba sai ka nace a kan kuɗi ba. Wani abin da masu saye ba su cika sani ba shi ne sashe na 145, wanda ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa in aka yi zargin kaya na da aibi. Garantin bai shafi wayar da ta faɗa ruwa a hannunka ba, ko injin markaɗen da wutar lantarki mai ƙarfi ta ƙona.

In kuwa kayan lafiyarsa ƙalau, daidai da yadda aka faɗa, kai ne dai ka ga bai burge ka ba ko ka samu mai araha a wani wuri, gaskiyar magana dokar Nijeriya ba ta tilasta wa kowa ya karɓa ba. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya mai saye ta intanet yana da kwana 14 da zai mayar da yawancin kaya ba tare da ya faɗi dalili ba. Mutanenmu na ganin wannan a shafukan waje su ɗauka ko'ina haka ne. A nan abin da ke gabanka shi ne ƙa'idar kantin da kansa. Jumia da Konga sukan ba da kwana 7 a kan yawancin kaya, tare da sharuɗɗa, kuma sukan cire irin kayan ciki, kayan kwalliya da turaren da aka buɗe, da abinci. Karanta ƙa'idar ranar da kake saye, don tana sauyawa. In kanti ya yi alkawarin karɓa, alkawarin ya zama ɓangaren ciniki, kana iya riƙe shi da shi. In ƙaramin ɗan kasuwa ne da bai yi alkawari ba, roƙo ne ya rage, kuma a yi shi da sigar roƙo. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba waɗannan biyun: mayar da kaya saboda aibi haƙƙin mai saye ne, karɓar kaya daga wanda ya yi nadama kuwa kyautatawa ce da ake kwaɗaitar da mai sayarwa a kanta. A ganina wanda ya zo da barazanar hukuma a kan abin da alfarma ce yake nema, shi ya ɓata lamarinsa.

Saƙon da za ka tura

Gajere, mai sanyi, mai kwanan wata. Zagi ba ya ƙara wa hujja nauyi, kuma duk abin da ka rubuta wata rana wani jami'i zai iya karanta shi. Ga misali daga wata mai saye zuwa ga mai kaya:

"Assalamu alaikum Hajiya, ina wuni, ya kasuwa? Saƙo ya iso yau Talata da rana, na gode. Sai dai leshin da na zaɓa ruwan toka ne, yadi biyar, ga hoton tallar da maganarmu. Wanda ya zo ruwan ƙasa ne, kuma da na auna yadi huɗu da rabi ne, ga bidiyon buɗewa. Ban yanka ba, yana cikin ledarsa. Don Allah a sauya min da wanda na zaɓa, in babu a dawo min da kuɗina, naira 45,000, zuwa ranar Talata mai zuwa. Ki faɗa min inda zan aiko shi. Na gode."

Komai na ciki: abin da aka yi oda, abin da ya zo, shaida, halin da kayan ke ciki, abin da ake nema, da wa'adi. Ba a ambaci doka ba, kuma da gangan ne. Yawancin 'yan kasuwa masu son sunansu a nan suke gyarawa. In amsar ta zo da "ai kin ga mun rubuta ba a dawowa", sannan ne za a ce mata, cikin ladabi, sashe na 129 ya hana a sa sharaɗin da ke soke haƙƙin da dokar ta bai wa mai saye, kuma in wa'adi ya cika za a kai maganar FCCPC.

A babban kanti, bi ta hanyar da suka tanada: buɗe buƙatar mayarwa a cikin manhaja, zaɓi dalilin da ya dace da gaskiyar lamarin, ɗora hotuna, ka adana lambar ƙorafin. Kada ka zaɓi "na canza ra'ayi" don ya fi kusa da yatsa alhali kayan a karye ya zo, domin dalilin da ka zaɓa shi ke nuna wanda zai biya kuɗin aike. Kada kuma ka rufe ƙorafi don mai kaya ya yi maka alkawari ta bayan fage. Sai kuɗi ya shigo.

Mayar da kayan

Ku daidaita a rubuce kafin ka aika: ina za a kai, wa zai biya, yaushe kuɗi zai dawo. Haɗa komai da ya zo tare, caja, takardu, har kyautar da aka ɗora. In waya ce ko kwamfuta, kwashe hotunanka, fita daga asusunka na Google ko iCloud, cire layi, ka goge ta. Ɗauki bidiyon naɗewa kamar yadda ka ɗauki na buɗewa. Aika ta hanyar da ke ba da takardar shaida, in ta tasha ce ka rubuta lambar motar da ta direban, ka tura wa mai kaya. Riƙe takardar har ranar da ka ga alat.

Dawowar kuɗi

Kanti yakan so ya ba ka bauca, wato shaidar da za ka sake sayen kaya da ita a wurinsa, ko ya zuba kuɗin a asusunka na cikin manhaja, don ka sake kashe shi a wurinsa. In kai ka canza ra'ayi, wannan ba laifi. In laifin nasu ne kuma maganar ta tsaya a kan mayar da kuɗi, ka nemi kuɗi.

In da kati ka biya, kaya bai zo ba ko kanti ya yi shiru, je bankinka ka cike takardar ƙalubalantar cinikin, ka haɗa da shaidunka. Bankin zai bi ta kamfanin katin, Verve ko Mastercard ko Visa, ya nemi a janyo kuɗin daga bankin mai kaya. Wannan hanya tana da wa'adi, don haka kada a kwana a kai. In kuwa an cire kuɗi ne cinikin bai shiga ba, tun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ce a warware irin wannan na intanet da na POS cikin awa 72. Karɓi lambar ƙorafi daga bankin. In sati 2 ya wuce ba a yi komai ba, kai ƙara sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin, ka haɗa da wannan lamba.

A kula da wani tarko a daidai nan. Da ka yi ƙorafi a fili a shafin kamfani, wasu za su biyo ka da sunan ma'aikatan kamfanin, da tambarinsa da komai, su ce za su mayar maka da kuɗi in ka ba su lambar katinka, ko lambar sirri, ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Mai mayar maka da kuɗi lambar asusu kawai yake bukata. Duk wanda ya nemi fiye da haka, ragowar kuɗin yake so.

In mai kaya ya ƙi

Sashe na 146 ya jera ƙofofin: mai kayan kansa, hukumar da ke kula da wannan fanni, FCCPC, sannan kotu. FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, da hedikwatarta a Abuja da ofisoshinta na shiyya. Rubuta labarin a jere da kwanan wata, haɗa rasit, hotuna, bidiyo da saƙonnin da kuka yi, ka faɗi abin da kake nema a fili. Hukumar takan tuntuɓi mai kaya ta nemi a sasanta, kuma tana da ikon ba da umarni. Hukuncin saɓa wa haƙƙin mai saye ba wasa ba ne: mutum ɗaya na iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 5 ko tarar da ta kai naira miliyan 10, kamfani kuwa tarar da ba ta gaza naira miliyan 100 ba ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Wasu jihohi, irin su Kano da Legas, suna da nasu hukumomin kare masu saye, kuma in mai kayan a garinku yake sukan fi kusa. In magani ne ko abinci ko man shafawa na jabu, sanar da NAFDAC ma, don ba kai kaɗai aka sayar wa ba.

Kafin duk wannan, in mai kayan yana da shago a kasuwa, kada a raina shugabannin kasuwar. Ɗan kasuwar da ya toshe lambarka yakan sauko da wuri in shugaban layinsu ya kira shi.

Akwai kuma kotunan ƙananan basussuka, waɗanda Legas ta fara a 2018, Kano da wasu jihohi suka biyo baya. An tsara su don mutum ya shigar da ƙara da kansa ba sai da lauya ba, a gama cikin ɗan lokaci. Sai dai dole ka san sunan wanda kake ƙara da inda za a kai masa sammaci, abin da ya sa adireshin da ke kan rasit yake da daraja.

A bambanta saɓanin ciniki da damfara. Wanda ya aiko kaya mara kyau yana jayayya, saɓani ne, kuma ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Wanda ya karɓi kuɗi ya toshe ka, ya goge shafi, ya buɗe wani da sabon suna, ɗan damfara ne. A nan kira bankinka cikin gaggawa su sanar da bankin da kuɗin ya shiga, sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Banki ba ya cire kuɗi daga asusun wani don ka ce kawai, yakan nemi rahoton hukuma ko umarnin kotu, kuma kowace awa da ta wuce tana bai wa ɓarawon damar kwashewa.

Kayan da ya taso daga waje

Oda daga AliExpress ko Temu tana tafiya ne bisa ƙa'idar manhajar, kuma a aikace nan ne za ka samu biyan bukata, domin jan ɗan kasuwar da ke Chana zuwa gaban hukuma a Abuja abu ne mai wuya. Buɗe ƙorafi cikin wa'adin da suka sa, ka ɗora bidiyonka. Yi lissafi kafin ka yarda ka mayar da kaya da kuɗinka, don kuɗin aike zuwa can yakan fi kuɗin kayan. Sau da yawa karɓar wani ɓangare na kuɗin ka riƙe kayan ya fi riba. In da kuɗin waje aka yi cinikin, abin da zai dawo maka a naira yana iya bambanta da abin da aka cire, saboda canji.

Masu haɗa oda, waɗanda ke tara kuɗin mutane a guruf su sayo daga Chana ko Dubai, lamarinsu dabam ne. Da su ka yi ciniki, su ka bai wa kuɗi, don haka su ke da alhakin kawo abin da suka nuna maka. "Haka kamfani ya aiko" bayani ne, bai sauke musu nauyi ba, sai in tun farko kun yi a rubuce cewa aike kawai suke yi kuma hatsarin naka ne. Tambayi wannan kafin ka shiga, tare da ranar ƙarshe da in kaya bai zo ba za a dawo da kuɗi.

Fallasa a shafukan sada zumunta

Tana aiki, shi ya sa ake yin ta, amma ta sha jefa masu gaskiya cikin shari'ar ɓata suna, wasu ma har da kamu a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. In za ka yi, bari sai ka bai wa mai kaya wa'adi ya wuce. Faɗi abin da ya faru kawai, da hoton abin da ka yi oda da na abin da ya zo. Kada ka kira shi ɓarawo ko ɗan damfara alhali saɓani ne, kada ka ɗora hoton iyalinsa ko adireshin gidansa, kada ka tura mabiyanka su yi masa ca. In ya biya ka daga baya, koma ƙarƙashin rubutun ka faɗa cewa ya biya.